Shekarar da Babanku Ya Tare Korama

Ku duka kun tashi kun ji ana kiran babanku Mai Kuran, kuma na san akwai lokacin da sunan ya riƙa yi muku ciwo, musamman ke Mariyama, da kika taɓa dawowa daga rijiya kina kuka don an ce miki ƴar mahaukaci. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku abin daga tushe ba. Da yana da rai ban so na yi maganar a gabansa ba, da ya rasu kuma sai bakina ya yi nauyi. Yanzu waɗanda suka gani da idonsu sun kusa ƙarewa, saura masu ji a bakin wasu. Wasu na cewa aljanun korama ne suka taɓa shi, wasu kuma na cewa ya haska ƙauyen nan har ana hangowa daga Bande. Duka biyun ba haka ba ne. Ni ina wurin, ni na ɗauki lakar a kaina, don haka ga yadda aka yi.

Tun kafin ya aure ni, babanku ya yi shekaru yana aikin lebura can cikin Nijeriya, a wurin da aka tare babban kogin Kwara don a samo wutar lantarki, wadda mu nan muke kira kuran. Bayan aurenmu ma, kowane rani can yake komawa, sai damina ta kusa ya dawo. Kun san shi, mutum ne marar yawan magana, yana iya yini bai faɗi abin da ya wuce gaisuwa ba. Amma in aka taɓo zancen kogin nan, sai ya zama wani mutum daban. Yakan zauna a tabarma bayan la'asar, ina tsince wake, ya riƙa ba ni labari a hankali kamar mai faɗin mafarki. Ya ce da farko sai da aka haƙa wa kogin sabuwar hanya, aka juya shi gefe kamar yadda makiyayi yake juya garke. Sai ga cikin kogin a buɗe, mutane suna tafiya a inda ƙafa ba ta taɓa takawa ba, suna tsintar kifi da hannu, duwatsu sumul kamar an shafa musu mai. Nan aka gina bango. Da aka mayar da ruwan, ya taru a bayan bangon har ido ba ya ganin ƙarshensa, in ka tsaya da safe sai ka ce sararin sama ne aka shimfiɗa a ƙasa. A cikin bangon kuma akwai waɗansu manyan ƙarafa da ruwan yake juyawa, ba ka ganinsu, sai dai ka ji gurnaninsu a tafin ƙafarka.

Wata rana ya ce mini, "Rakiya, wutar nan a cikin ruwa take kwance. Ba ta fitowa sai an sa ruwan ya faɗo a kan abin da zai juya."

Na ce, "Malam, ni dai abin da na sani, ruwa kashe wuta yake yi."

Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba irin waccan ba ce. Ba ta da hayaƙi, ba ta cin itace. Wata rana za ki gani."

Sai fari ya zo. Ba sai na bayyana muku shekarun nan ba, kun ji su a bakin kowa. Damina ta zo ta wuce gero bai kai gwiwa ba, wadda ta biyo ta ma haka. Rumbunanmu suka zama wurin kwanan kaji, kajin ma suka ƙare. Maza suna tafiya Magariya da jakuna in an ji labarin rabon jar dawa, wani lokaci su dawo da ƴar kaɗan, wani lokaci su dawo da buhu a naɗe. A wannan rani, da kowane namiji mai ƙarfi yake ɗaure kayansa ya yi kudu neman abinci, babanku ya ƙi tafiya. Yana da keke da ya zo da shi daga can, mai fitila a gaba da ɗan ƙarfen nan da ake kira dinamo, wanda yake gogar taya ya ba fitilar wuta. Kullum da hantsi sai ya ajiye keken ya nufi kwarin da ke bayan gonarmu. Kun san wurin, hannun korama ne, ba ya ruwa sai da damina, kuma akwai inda marmara ta yi tudu, ruwa yake zubowa daga kanta kamar tsayin ƙirjin mutum. A lokacin babu komai a ciki sai farin rairayi mai ƙona ƙafa. Yakan tsaya a kan marmarar ya daɗe yana kallon rairayin, yana motsa hannu kamar mai nuna wa wani hanya.

Babanku Sale, wansa, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Mutum ne mai gaskiya da zafin zuciya, kuma nauyin gidan duk yana kansa, shi ya sa shi ma bai yi kudu ba. Da ya gane abin da ƙanensa yake shirin yi, sai ya same shi a tsakar gida, ina jin su daga madafa.

Ya ce, "Idi, yara ba su ci ba, kai kuma kana auna rairayi. Ruwan da ba a gani ba shekara biyu shi za ka tare?"

Babanku ya ce, "Zai zo, Yaya."

"To in ya zo, fitila za su ci?"

 Washegari babanku ya ɗauki galma da kwando ya fita.

Abin da ya nufa ba mai wuyar ganewa ba ne, aikin ne mai wuya. Zai gina bango na marmara da yumɓu ya tare kwarin a saman tudun, ya haƙa ƴar hanya a gefe ya juya ruwan ta nan, ruwan ya bi ta cikin kututturen giginya da ya fafe kamar indararo, ya faɗo a kan ƙafar keke. A jikin ƙafar keken ya ɗaɗɗaura gwangwanayen madara da waya, ta yadda in ruwa ya cika su za ta riƙa juyawa, dinamo na gogar taya. Yumɓun kuwa sai an je tsohon tafkin da ya ƙafe, da ɗan nisa. Shi kaɗai yake saran shi, shi kaɗai yake ɗauka, da ciki babu komai sai kunun dusa. Mutanen da suka rage a ƙauye, yawancinsu tsofaffi da mata, sukan zauna a inuwar gawo suna kallonsa yana kaiwa yana komowa. A nan sunan ya samo asali. Da farko da dariya ake faɗinsa, daga baya da tausayi.

Ana cikin haka Inna ta zo, mahaifiyata, tare da kawunku Buba. Gidanmu wajen Yekuwa yake, mu masu noma ne da kiwo, kuma shanun da mahaifina ya bari fari ya cinye su sai ƴan kaɗan. Sun yanke shawara su kora sauran su yi kudu, su tsallaka iyaka su nemi inda ciyawa ta rage. Inna ta biyo ta nan ne don ta tafi da ni. A lokacin ku biyu ne kawai, kai Habu kana gudu, Mariyama kina baya. Inna ta dube ku, ta dubi wuyana, ta shiga ɗakina ta zauna a bakin gado.

Ta ce, "Auta, ɗaura kayanki. Akwai saniya biyu da ba su ƙafe ba, yaran nan za su sami abin lasa. In Allah ya kawo damina sai a dawo da ku."

Na ce, "Inna, sai na ji ta bakin maigidan."

Ta ce, "Na gan shi a hanya da kwando a ka. Ban ce mugu ba ne. Amma hankalinsa yana wani wuri, ba ya nan."

Da babanku ya dawo, ya durƙusa ya gaishe ta, ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Ya ce gaskiya Inna ta faɗa, ba zai hana ni ba, in na tafi ma hankalinsa zai fi kwanciya. Har na fara haɗa tsummokaranku a ƙwarya. Da rana ta yi sanyi, ya riga ya koma aikinsa, na ce bari na kai masa ruwan sha kwarin, na yi masa sallama yadda ya kamata, ba a gaban mutane ba. Na same shi ya kafa ƙafar keken a kan sanduna biyu a gindin marmarar, ya ja waya zuwa wani reshen aduwa, ya rataye ƙwan fitilar a can. Bangon kuwa ko ƙugu bai kai ba. Ya sha ruwan, ya ce na tsaya a ƙarƙashin aduwar na duba sama. Sai ya kama ƙafar keken ya juya ta da hannu, ya ƙara juyawa. Ɗan ƙwan ya yi ja kamar garwashi, sannan ya yi fari. Na sha ganin fitilar nan a gaban keke, ba baƙuwa ba ce. Amma a ranar, a cikin busasshen kwarin nan, ga gwangwanaye suna ƙara, ga shi yana haki, ƙasusuwan kafaɗarsa duk a waje, sai na ji kamar ina jin ƙarar ruwa yana tahowa daga gabas. Har na waiga. Babu komai sai rairayi. Ban san yadda zan bayyana muku ba, amma tun daga lokacin na daina ganin kwarin a bushe.

Na koma gida na zazzage ƙwaryar. Inna tana kallona har na gama.

Ta ce, "Ke ma ya shafa miki."

Na ce, "Inna, in na tafi babu mai dafa masa ko ruwan zafi. Kuma ina so na gani."

Ta ce, "Ki ga me?"

 Da asuba suka kama hanya. Ta bar mana ƙullin cuku da ƴar ƙwaryar man shanu da ta ɓoye tun daga gida. Na raka su har bayan gari. Tana tafe a bayan shanun da sanda, ba ta waiwayo ba, ni kuma na tsaya har ƙurar ta kwanta.

Daga ranar na shiga aikin. Ina goye da Mariyama, gammo a ka, ina ɗauko yumɓu daga tafki, shi yana jera marmara yana liƙewa. Ruwan kwaɓin ma daga rijiya muke jawo shi, guga bayan guga, mata suna kallona suna taɓe baki don ruwan sha ma da ƙyar ake samu. Abin mamaki, watannin nan ba na tuna su da wahala, ko da yake wahala ce. Yunwa takan sa kan mutum ya yi sako-sako, komai ya riƙa yi masa kamar daga nesa. Ina tafiya da kwando, zafi yana rawa a kan rairayi, sai na ga ruwa shimfiɗe a gabana har da inuwar giginyu a ciki, na bi ta tsakiyarsa ƙafata a bushe. In mun zauna hutawa, babanku ya riƙa nuna mini inda bakin ruwan zai tsaya, inda za mu dasa rake, inda zai ƙara ƙafar keke ta biyu in Allah ya hore, ya ja waya har masallaci. Ni kuma ina ƙara nawa. Na ce ina son ɗaya a madafa, ɗaya a ɗakin haihuwa. Muna maganar kamar waɗanda suka riga suka mallaka.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka. Ƙauye duk ya fita da sungumi, ana shuka ana kuka. Babanku ya jefa iri a gonarmu cikin gaggawa, rabi ya bar mini, ya ruga kwari. Wannan ruwan bai kai ya gudana ba, ƙasa ta shanye. Na biyu ya gudana, ya ci gefen bangon ya wuce. Muka sake liƙewa. A nan ne gonarmu ta fara lalacewa, domin lokacin noman farko ya zo, kowa yana duƙe a gonarsa, shi kuma yana cikin laka har gwiwa. Ciyawa ta taso ta rufe geron. Babanku Sale ya zo da hauya ya nome mana gefe guda, ya koma tasa. Na san ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma yana da gaskiya.

Sai aka yi wani ruwa mai yawa tun safe har azahar. Da ya ɗauke, babanku ya leƙo gida, jikinsa sharkaf, ya ce na ɗauko yara. Muka tarar kwarin ya cika. Ruwa ja ya kwanta a bayan bangon, faɗinsa ya kai filin idi, kwaɗi har sun fara kuka, gajimare na yawo a cikinsa. Bakinsa ya tsaya daidai inda ya sha nuna mini. Ya shiga ya cire buhun ƙasar da ya toshe ƴar hanyar da shi. Ruwan ya juya gefe a hankali kamar yana shawara, ya shiga kututturen giginyar, ya fito ta ɗaya bakin ya faɗa cikin gwangwanaye. Ƙafar keken ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa, sannan ta kama juyi da kanta, babu hannun kowa. Rana tana gab da faɗuwa. Na ɗaga kai na dubi aduwar. Wutar tana nan, ƙarama, tana ƙaruwa tana raguwa kamar numfashin jariri mai barci.

Babu wanda ya aika a kira mutane, amma kafin a kira magariba bakin kwarin ya cika. Ba a yi hayaniya ba. Tsofaffi suka zauna a kan jiƙaƙƙen rairayi, yara suka kewaye aduwar suna miƙa hannu. Wata tsohuwa ta tambaya ko za a iya ɗibar wutar a kai gida a hura murhu. Hasken bai wuce faɗin tabarma biyu ba, amma duk wanda ya shiga cikinsa sai ya dubi tafin hannunsa. Babanku Sale ya zo a ƙarshe. Ya tsaya ya dubi bangon, ya dubi ƙafar keken, ya matsa ya sa yatsa ya taɓa ƙwan.

Ya ce, "Da ɗan ɗumi."

Babanku ya ce, "Eh, Yaya."

Ya ce, "To. A yi salla a nan."

A nan aka yi magariba, da ruwan madatsar aka yi alwala. Babanku yana sahun baya, ina hango kafaɗunsa suna rawa.

Wutar ta yi mana kusan wata guda. Ba kullum ba, sai in an yi ruwa madatsar ta cika, takan kai kwana biyu ko uku tana ci kafin ruwan ya ja baya. Mutane suka riƙa zuwa a amalanke daga ƙauyukan kewaye, har daga Waca wani mai gyaran keke ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Mata suka mayar da gindin aduwar wurin tsinkar yakuwa da yamma. Ni kuwa nakan zauna can gefe, inda hasken ya ƙare, ina kallonku kuna wasa da inuwarku. A tsakiyar damina aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye muka je, babu bango, babu kututture, babu ƙafar keke. Wayar kaɗai ta rage tana lilo a reshe. Babanku ya bi kwarin har nesa yana dubawa, ya dawo da gwangwani ɗaya a lanƙwashe.  Ya ɗauki hauya ya tafi gona, amma lokaci ya riga ya wuce. A shekarar da kowa ya cika rumbu bayan dogon fari, mu damin da muka samu bai kai mu tsakiyar rani ba. Lakar da ruwan ya bari a bayan bangon ta riƙe danshi, muka dasa dankali a ciki, shi ya ɗan rufa mana asiri, sauran kuma daga rumbun babanku Sale ya fito.

Bayan kaka kawunku Buba ya dawo da shanun. Na hango su daga bakin rijiya, na ajiye guga na tafi da sauri, ina duba bayan garken. Shi kaɗai ne. Ya ce zazzaɓi ya kama Inna a can tun farkon damina, ta yi kwanaki tana jinya a bukka, babu mace a kusa sai matan wasu makiyaya da suke leƙowa. Shi yake dama mata kunu, shi yake juya ta. Da ta rasu, matan da suka yi mata wanka ko sunanta ba su sani ba. Na lissafa a raina, na gane lokacin da take kwance can, ni ina zaune a bakin kwari ina kallon fitila. Da na bi ta, da ni zan riƙe kanta. Wannan ban taɓa daina jin sa ba, kuma ba na so ku ɗora shi a kan babanku, domin ya ce na tafi, ni na zazzage ƙwaryata.

Bayan an share makoki ya same ni a madafa, abin da ba ya yi. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce na yafe masa. Na ce babu abin yafewa, da ƙafata na zauna. Ya girgiza kai ya tashi. Tun daga ranar bai ƙara ba ni labarin babban kogin ba, ko cin rani ma ya daina zuwa can, ya zama manomi kamar kowa, kuma kun shaida rumbunsa bai sake zama fanko ba.

Da rani ya zagayo, ni ce na kasa haƙuri. Na je kasuwar Bande na ga wata tsohuwar ƙafar keke a wurin masu gyara, na tsaya ina juya ta da yatsa har mai ita ya tambaye ni ko lafiya. Da na dawo na same shi yana gyaran danga. Na ce masa yumɓu yana nan a tafki, marmara ma ruwa bai kwashe duka ba, in muka faɗaɗa gindin bangon wannan karon zai tsaya. Ya dakata da igiya a hannu, ya dube ni ya daɗe, kamar yadda mutanen inuwar gawo suke dubansa a da.

Ya ce, "Rakiya, kin gani ai. Ya isa."

Ya ci gaba da ɗaurin dangarsa. Ni kuma na ɗauki kwando na tafi tafki ni kaɗai, na saro yumɓu cike da shi, na kai kwari na juye a kan marmarar. Na zauna kusa da shi har rana ta faɗi, sannan na tashi na zo na ɗora muku tuwo.